Ruwan Kanal, Tsargiya da Sabon Binciken Cikin Mahaifa

A Kura da Bunkure da Garun Malam ba sai an yi wa kowa bayanin tsargiya ba. Yaro ya yi ta wanka a kanal, bayan 'yan watanni a ga ƙarshen fitsarinsa ya yi ja, uwa ta ce tsargiya ce, wani dattijo ma ya ce a ƙyale shi, kowa ya yi ta a zamaninsa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin manyan kanal da ƙanana zuwa dubban kadada na noman rani. Shi ya kawo shinkafar da ake turarawa ana casa a Kura, da alkama, da tumatir ɗin da ake lodi a Kwanar Gafan. Sai dai ruwan da ke tafiya a hankali, ga ciyawa a gefe, shi ne mazaunin da wani ƙaramin dodon koɗi ya fi so, kuma a jikinsa tsutsar tsargiya ke renon 'ya'yanta. Tun a 1988 aka buga rahoton bincike kan cutar da dodon koɗin a kewayen madatsun ruwa na Jihar Kano.

Ta yaro namiji ana ganinta. Ta 'ya mace ce ke ɓuya. Yarinyar da ke wanki da wanke-wanke a bakin kanal, da matar da ke dashen shinkafa ruwa har ƙauri, ruwa ɗaya suke shiga da samarin. 'Ya'yan tsutsar da ido ba ya gani su huda fata, su bi jini, su girma, mace da namiji su haɗu su tare a jijiyoyin jinin mara. Macen tana zuba ƙwai har ɗaruruwa a rana, kowanne da ɗan tsini a gindinsa. Wasu su fita ta fitsari. Wasu kuwa su maƙale a farji da bakin mahaifa, inda aka fi samunsu, wasu su kai ga cikin mahaifar, da hanyoyin ƙwai, da ma'ajiyar ƙwan. Jiki ya taso musu da kumburi, wurin ya yi tabo.

Bayan shekaru, ga ta matar aure tana fama da ciwon mara, da fitar ruwa, da ƙaiƙayi, da ɗigon jini bayan kwanciyar aure. Sunan da kowa zai ba abin shi ne sanyi. A sayi maganin sanyi a kemis, a sha na gargajiya, a yi allura, ya lafa ya dawo. In haihuwa ta yi jinkiri, ko ciki ya riƙa zubewa, sai zance ya koma kan iska ko kishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin mata da 'yan mata kusan miliyan 56 ne ke ɗauke da irin wannan tsargiya a Afirka kudu da Sahara, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu tsargiya.

A daidai wannan lokaci, a ɗakunan bincike na Ingila da Sifen da Amurka, ilimin cikin mahaifa ya yi tsallen da bai taɓa yi ba. Ko tsallen zai sauka kusa da matan Kura, wannan sai an duba abin da aka gano da kuma a jikin wa aka gano shi.

Mahaifa tsoka ce mai kauri, tsawonta kimanin santimita 8. A cikinta akwai wata shimfiɗa mai laushi, mai yawan jijiyoyin jini, wadda ita ce ke karɓar ciki. Bayan al'ada kaurinta bai wuce milimita biyu zuwa huɗu ba. Sinadarin istirojin ya sa ta tofo, ta ninka kauri; bayan fitar ƙwai sinadarin furojestaron ya nunar da ita. In ciki bai shiga ba, saman ya zube, shi ne jinin al'ada, gindin ya rage ya sake tofowa ba tare da tabo ba. Mace na iya yin wannan zagaye sau 400 a rayuwarta, ko da yake wadda ta yi haihuwa da shayarwa da yawa ba ta kaiwa ko kusa. Gindin nan shi ne jari: wankin ciki da aka yi da garaje, aka kankare shi, yana iya sa bangon mahaifa ya manne, al'ada ta ragu ko ta ɗauke.

Shimfiɗar ba kullum take karɓar baƙo ba. 'Yan kwanaki ne kawai a wata, wajen kwana shida zuwa goma bayan fitar ƙwai, ɗan tayi ke iya kamawa. Nazarin wannan kuwa da wuya, domin ɓeran ɗakin bincike, wanda ake gwada kusan komai a kansa, ba ya al'ada. A dabbobi, birai ne da wasu jemagu da 'yan tsirarun ƙananan halittu ke yi. Dole sai an koma ga jikin mace.

A 1950 wasu likitoci uku a Amurka, Noyes da Hertig da Rock, suka fitar da hanyar da aka bi fiye da shekara hamsin: a ɗebo ɗan nama daga shimfiɗar, a yanka shi siriri, a rina, a duba a madubin likita, a faɗi ko ya nuna daidai da kwanan wata. An ba mata da yawa magani bisa wannan dubawa. Sai a 2004 wani babban bincike a Amurka ya nuna dubawar ba ta iya bambance mace mai haihuwa da wadda ke neman haihuwa. Ido ya kai iyakarsa.

Shekara guda kafin nan, a 2003, aka kammala karanta kundin gadon ɗan Adam, aikin shekara 13 da ya ci kusan dala biliyan 3. Mutanenmu sun san DNA ta rigimar uba da ɗa, amma amfaninta ya wuce nan nesa. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki, ta ido ko ta hanta ko ta mahaifa, tana ɗauke da DNA iri ɗaya, haruffa kusan biliyan 3, cikinsu da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin ƙera sinadaran jiki. Abin da ya bambanta ido da mahaifa shi ne waɗanne ne a kunne, waɗanne a kashe. Ƙwayar gadon da ke kunne tana fitar da saƙo, shi ake kira RNA. Wanda ya ƙirga saƙonnin ya san aikin da naman ke yi a wannan sa'a, ko da a madubi bai nuna komai ba. Karatun da ya ci biliyoyi yanzu bai kai dala 1,000 ba.

Kasuwa ce ta fara cafke abin. A 2011 ƙungiyar Farfesa Carlos Simón a birnin Balensiya na Sifen ta fitar da gwajin ERA, mai auna ƙwayoyin gado 238 don gano ranar da shimfiɗar mace ke shirye. Dabarar tana da daɗin ji: wataƙila matar da aka yi wa dashen ciki sau uku bai kama ba, nata lokacin ya riga na sauran mata ko ya yi jinkiri da kwana guda, sai a gyara ranar dashen. Asibitocin dashen ciki a duniya suka rungume shi, mata suka yi ta biyan ɗaruruwan daloli a kan kuɗin da dama ya yi musu nauyi. A Disamba 2022 mujallar likitoci ta JAMA ta buga gwajin da aka yi da mata 767 a Amurka, an raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka bi wa ranar da gwajin ya nuna, kashi 58.5 cikin ɗari suka haihu. Waɗanda aka bi wa ranar da aka saba, kashi 61.9. Hukumar da ke sa ido kan dashen ciki a Birtaniya ta ba irin wannan gwaji jan maki. Duk ma'auratan da suka sayar da gona ko shanu suka nufi Abuja ko Alƙahira neman haihuwa, ya kamata su san wannan kafin a ƙara musu shi a lissafi.

Ɗaya daga cikin raunin irin wannan gwaji shi ne ana niƙe naman gaba ɗaya kafin a auna. Kamar markaɗen kayan miya ne: tumatir da attaruhu da albasa sun zama ruwa ɗaya, in ɗanɗano ya ɓaci ba a san wanne ne ruɓaɓɓe ba. Sabuwar hanya tana auna kowace ƙwayar halitta ita kaɗai.

Ga yadda ake yi. Likita ya zura wani siririn bututun roba, kaurinsa milimita 3, ta bakin mahaifa, ya ja sandar da ke cikinsa, ya tsotso ɗan nama ja-ja. Minti ɗaya ko biyu ne, akwai murɗar mara amma ba a sa barci. Nan take a jefa naman cikin ruwa mai sanyi a ruga da shi ɗakin bincike, domin RNA ba ta jure zafi da jira. A zuba masa sinadarin da ke kwance haɗin nama har ƙwayoyin su warwatse, a tace. Sai a tura su cikin wata na'ura mai siraran hanyoyi, inda kowace ƙwaya ke shiga ɗigon ruwa da ke cikin mai ita kaɗai tare da wani ɗan ƙwallo mai lamba. Ƙwayar ta fashe a cikin ɗigon, saƙonninta su manne da lambar. Daga nan ko an haɗe su duka an karanta, kwamfuta za ta mai da kowane saƙo ga mai shi. Daga ɗan naman nan ana samun bayanin ƙwayoyi dubbai.

Da wannan hanya, a 2020, masu bincike na Jami'ar Stanford da na Balensiya suka nuna cewa lokacin karɓar ciki ba a hankali yake shigowa ba: a ƙwayoyin saman shimfiɗar, tarin ƙwayoyin gado ne ke kunnuwa kwatsam. A 2021 ƙungiyar Roser Vento-Tormo a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij ta ƙara da nuna inda kowane iri ke zaune a cikin naman. A 2024 aka haɗa bayanan wuri guda, aka fitar da taswirar ƙwayoyi 313,527 daga mata 63. Tun 2017 kuma ake iya renon ƙwayoyin shimfiɗar a faranti, su dunƙule su riƙa amsa sinadaran jiki yadda suke yi a cikin mace, a gwada magani a kansu ba a jikinta ba.

Wani binciken na Sanger a 2020 ya zo da abin mamaki. An duba DNA ta shimfiɗar mata lafiyayyu, aka tarar da yawa suna ɗauke da irin sauye-sauyen da ake gani a sankara, alhali ba su da ita, kuma akasarinsu ba za su taɓa yin ta ba. Sauye-sauyen na ƙaruwa da shekaru, suna raguwa ga matan da suka haihu da yawa. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani, cewa sankarar shimfiɗar mahaifa ta fi kama waɗanda ba su haihu ba. Kada dai wani ya ɗauke shi hujja: haihuwa ta takwas da ta tara tana da nata haɗarin, zubar jini a kan gaba, kuma shi ke kashe matanmu a yau. A ɓangaren sankarar kanta, nazarin ƙari 373 da aka buga a 2013 ya raba ta gida huɗu bisa ƙwayoyin gado. Akwai wadda a madubi take da muni amma ba ta cika dawowa ba, akwai mai saurin kisa. Tun 2023 likitocin mata na duniya suka shigar da wannan rabo cikin ma'auninsu.

To, a jikin wa aka gano duk wannan? Cutar endometiriyosis ta isa misali. Ita ce wadda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa, ya jawo ciwon mara mai kwantar da mace duk wata, wani lokaci da rashin haihuwa. Tana kama kusan mace ɗaya cikin goma. A 2023 aka buga bincike mafi girma kan gadonta: mata 60,674 masu cutar, an gano wurare 42 a DNA da ke da alaƙa da ita. Kusan dukkan matan Turawa ne, sai kaɗan daga gabashin Asiya. An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa baƙar mace ba ta cika yin cutar ba. Da aka duba cikin mata da na'urar leƙa ciki a Ibadan, a wani bincike da ya fito a 2015, kusan rabin waɗanda aka duba suna da ita. Ba cutar ce babu ba, dubawar ce ba a yi.

Haka abin yake a fagen gaba ɗaya. Wani lissafi na 2021 ya nuna kashi 86 cikin ɗari na mutanen da aka yi irin wannan nazarin gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kashi ɗaya da ɗigo. Alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin gado: da shirin H3Africa ya karanta DNA ta mutum 426 kawai daga ƙabilu 50, sai ga sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Taswirar da aka zana daga matan da ba su taɓa taka ruwan tsargiya ba, ba su yi zazzaɓin cizon sauro da ciki ba, ba su haihu bakwai ba, ba lallai ta faɗi abin da ke daidai a mahaifar matar Bunkure ba.

Kuma matsalar ma ba iri ɗaya ba ce. Tun 1985 wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe da dama ya nuna cewa a Afirka rashin haihuwar mata ya fi zuwa daga cututtukan da ke toshe hanyoyin ƙwai, nesa ba kusa ba in an kwatanta da Turai. Da yawa sun taɓa haihuwa sau ɗaya ko biyu, daga nan shiru. Macen da hanyoyinta suka toshe, sanin ranar da shimfiɗarta ke shirye ba zai amfane ta da komai ba. (Maigida ma ba a cire shi ba: kaso mai yawa na rashin haihuwa daga namiji yake, kuma ƙwan tsargiya na shiga hanyoyin maniyyi.)

A nan ne fasahar ke da amfani na kusa, sai dai ba DNA ta matar za a nema ba, ta abin da ya shige ta. Gano tsargiyar mata da wuya. Gwajin fitsari na iya fita ƙalau alhali ƙwai na nan a bakin mahaifa. Hanyar da aka saba ita ce a leƙa da na'ura mai ƙara girma, a nemi wasu tabo rawaya-rawaya masu tsakuwa-tsakuwa da jijiyoyin jini da suka karkace; a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafin hotuna don ma'aikatan lafiya su gane su. Na'urar da ƙwararren da zai duba kuwa sai manyan asibitoci. A 2018, a Livingstone ta Zambiya, aka gwada wata hanya da mata 603: a ba mace tsinken auduga ta ɗebi samfur da kanta a ɗakinta, a kai ɗakin bincike a nemi DNA ta tsutsar da gwajin PCR, irin wanda aka sani a zamanin korona. Hanyar ta kama cutar, kuma akasarin matan sun ce sun fi son ta gida. Ga al'ummar da mace ke jin nauyin likita namiji ya duba ta, wata ma sai da izinin miji za ta fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Tanzaniya an matsa gaba. Wani bincike da ya fito a 2019 ya auna saƙonnin RNA a bakin mahaifar mata masu tsargiyar fitsari, ya tarar aikin ƙwayoyin gado sama da 100 ya sauya. Wannan na iya taimakawa wajen fahimtar abin da aka gani a Zimbabuwe tun 2006, cewa mata masu tabon tsargiya sun ninka sauran kusan sau uku wajen ɗauke da ƙwayar HIV. Tambayar da ke biye a fili take, kuma matan yankin noman rani ne suka fi cancantar a amsa musu ita: me ƙwai da kumburin ke yi wa shimfiɗar cikin mahaifa a 'yan kwanakin da take karɓar ciki?

Tarin fuka ma haka. Ba huhu kaɗai yake ci ba. Yana sauka hanyoyin ƙwai da shimfiɗar mahaifa ya lalata su a ɓoye, ba tari ba zazzaɓi. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 kuma take aiki a asibitocin Kano don gwajin majina, DNA ta ƙwayar cutar take nema, ta ba da amsa cikin kusan awa biyu. Ana iya sa mata naman shimfiɗar mahaifa. In ta ce akwai, to akwai. In ta ce babu, ba a gama magana ba, domin ƙwayoyin cutar kaɗan ne a wurin.

Ita kanta tsutsar, wadda Theodor Bilharz ya fara gani a Alƙahira a 1851, an karanta kundin gadonta a 2012. Nazarin da ya biyo baya ya nuna ta Afirka ta Yamma, har da wadda aka ɗebo daga Nijar, tana ɗauke da gutsuren gadon 'yar uwarta ta shanu. Da cutar ta ɓulla a wani kogi a tsibirin Kosika na Faransa a 2013, DNA ce ta nuna daga Senegal ta taso. Wanda ya san yadda garken shanu ke sauka kanal da rani zai so a yi irin wannan duba a yankin noman ranin Kano.

Maganin kuwa tsoho ne mai araha: furazikwantel, sha ɗaya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma kamfanin Merck na ba da ƙwaya har miliyan 250 kyauta duk shekara. Yana kashe tsutsa amma ba ya goge tsohon tabo, shi ya sa amfaninsa ya fi yawa ga yarinya kafin ɓarna ta yi nisa. Rabon ya fi bi ta makarantu, don haka 'yar da ke talla, da wadda aka aurar da wuri, su ne ke faɗuwa ta tsakiya. Wadda ta sha ta koma ruwa kuma za ta sake kamuwa.

Kayan aiki ba su gagari ƙasar nan ba. Cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Ede, Jihar Osun, ita ta fara karanta gadon ƙwayar korona a Afirka, a Maris 2020. Kano na da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Kura. Abin da ke da wuya shi ne na yau da kullum: firjin da zai riƙe sanyi digiri 80 ƙasa da sifiri ba tare da wuta ta ɗauke ba, sinadaran da ake saye da dala, da bayanin da za a yi wa mace da Hausar da za ta gane kafin ta yarda a ɗebi naman jikinta, ta san ina za a kai shi, wa zai riƙe bayanan, kuma ko za a dawo mata da sakamako. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma duk mai binciken da ya raina wannan tarihi zai tarar da ƙofa a rufe.

Akwai hanyar da za ta iya rage wahalar. Jinin al'ada ba jini zalla ba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin shimfiɗar da suka zube, da ransu. Masu bincike a Cibiyar Feinstein ta New York sun shafe shekaru suna karɓarsa daga mata ta ɗan kofin roba ko ƙyalle na musamman, kuma sun ga bambanci tsakanin ƙwayoyin masu endometiriyosis da na marasa ita. Har yanzu a matakin bincike abin yake, bai zama gwajin asibiti ba. In ya tabbata, babu bututu, babu gadon likita. Sai dai samfurin ya isa ɗakin bincike da sanyinsa, aikin da a zafin watan Afrilu ke bukatar kula da ƙanƙara da mai babur da ba ya tsayawa a hanya.